Gonar da Ta Fi Kowace Shuɗi

Marigayi Dorvalino, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa yarda wani ya haɗa masa maganin feshi ba. Tun yana saurayi mahaifinsa ya koya masa a kwamin dutsen da ke bayan gida: a jiƙa gishirin tagulla a gefe, a dama farar ƙasa a gefe, sannan a haɗa su har ruwan ya yi shuɗi kamar mayafin Maryamu na cikin cocinmu. Sai a tsoma wuƙa. In bakinta ya fito ja, to a ƙara farar ƙasa.

A kan tuddan nan ruwan sama ba ya ɗaga ƙafa, kuma in ka yi sake fumfuna ta cinye ganyen inabi cikin mako. Saboda haka kowa na feshi. Amma a zamanin, da shuɗin gona ake gane ƙwazon mutum. Ran Lahadi in an fito daga coci, maza kan tsaya a bakin ƙofa suna duban gonaki, suna yi wa wanda tasa ta koɗe dariya. Ta Dorvalino ko makaho ya san inda take. Rumfunan inabin shuɗi, bangon gidan shuɗi, farcensa ma haka. Maƙwabcinsa Gentile, wanda ya riƙe masa 'yarsa a baftisma, har suke kiran juna kompadre, kullum sai ya tsokane shi.

"Kompadre, inabi kake nomawa ko rini? In ka mutu ba sai an saya maka kwat ba, ka riga ka yi launi."

Shi kuwa sai ya ce gara rini da gonar da awaki ke wucewa suna yi mata jaje.

Da kuringun inabin mahaifinsa suka tsufa, ya tumɓuke su ya dasa sababbi, don 'yarsa Ivanir ta ce za ta bar kamfanin kujeru a birni ta dawo da mijinta, in dai gonar za ta ciyar da su. Wannan magana ita ta riƙe shi. Har ɗakin sama ya gyara musu.

Dashen farko ya yi rawaya ya tsaya cak. Ya zagi mai sayar da iri, ya sake dasawa. Na biyun ma haka. Matarsa Zelinda ce ta fara lura. Suna cin polenta, tuwon masararmu, da cuku ta ce masa, a hankali, ta daɗe ba ta ga kajinta sun shiga ƙarƙashin rumfunan ba. A gonar kabeji suke tono, can kuwa ko kallo ba sa yi.

"Tsoho, je ka haƙa ka gani. Kaza ba ta ƙin wuri a banza."

Ya ɗauki shebur ya haƙa nan, ya haƙa can. Ko tana ɗaya, tsutsar nan ta ƙasa, bai gani ba. Ganyen bara na kwance yadda ya faɗo, bai ruɓe ba, ƙasar kuma ba ta ƙamshin nan da takan yi bayan ruwa. Ya zaro dashe guda, saiwar ta fito gajeruwa, baƙa, kamar an ƙona ta.

Malamin gona ya ɗebi ƙasar ya tafi da ita, ya dawo da bayani. Tagullar da aka fesa tun zamanin kakanni ba ta je ko'ina ba, tana nan a saman ƙasa. Tsofaffin kuringu sun tsira ne don saiwarsu ta yi nisa. Maganinta farar ƙasa, da taki, da barin ciyawa ta rufe wurin, sai kuma haƙuri na shekaru masu yawa.

Da Ivanir ta zo hutu, Dorvalino ya kai ta gonar da kansa.

"'Yata, kada ki bar aikinki. Ƙasar nan ta gaji, ba za ta riƙe ku yanzu ba."

Ta ce za su iya jira. Ya ce shi ma ya sani, amma yara ba sa jira da yunwa.

Ivanir ba ta dawo ba. Shi kuwa, mutumin da a dā ko tsinken ciyawa ba ya bari a ƙarƙashin rumfa, ya ƙare kwanakinsa yana tura baron kashin shanu zuwa gonar da ba kuringa ko ɗaya, yana watsa irin ciyawa da hannunsa. Bayan rasuwarsa masu son sayen gonar sun zo. Ivanir ta ba su kofi, ta raka su bakin hanya, ta ce ba yanzu ba.