Inda Sunan Uban Aloys Ya Ƙare

A ƙauyenmu da ke yankin Westfalen, suna na gona ne, ba na mutum ba. In ka auri magajiyar gona, sai ka tuɓe sunan ubanka a bakin ƙofa ka sa nasu. Haka Aloys ya yi ranar da ya auri Hedwig. Sunan gidansu Kötter, wato talaka mai 'yar bukka a gefen gonar wani. Na gidan matarsa Schulte, masu riƙe wa sarakunan da ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya yana amsa Schulte, yana kwasar kashin shanunsu, har bayansa ya ranƙwafa.

Ni ke sassaƙa duwatsun kabari a garin. Da ciwo ya ci ƙarfin Aloys, ya zo wurina yana dogara sanda.

"Bernhard, alfarma ɗaya nake roƙo. In na tafi, ka sa Kötter a ƙasan dutsen, ko da ƙananan haruffa ne. Ni kaɗai ubana ya haifa. In ba a nan ba, babu inda sunan zai saura."

Na ce, "An gama, ɗan bukka. Kai dai kada ka yi gaggawa."

Ya rasu da kaka, ana tonon dankali. Babban ɗansa Ludger ya zo da takardar abin da za a rubuta a dutsen, na faɗa masa wasiyyar. Ya yamutsa fuska kamar ya taka kashin kaji.

"Haba Baba Bernhard! Kötter, a kabarin gidanmu? Duk mai fitowa daga coci ya karanta? Tsufa ne ya sa shi sambatu."

"Mai sambatun ne ya ciyar da kai, marar kunya."

"Dutsen dai namu ne."

Na sassaƙa abin da ya ce. Har yau ina jin ƙyamar hannuna.

Bayan wata shida ya dawo yana fara'a, wai allo yake so na sabon gini. Ashe ya rushe bukkar kakansa ya gina ɗakin aladu a wurin. A nan kuwa fili ba ya sauya suna, kowa Kötter yake kiran wannan fegin.

"Ka rubuta Kötter da manyan haruffa, don mai kawo dusa ya daina ɓata hanya."

Na kore shi da guduma a hannu. Wani ya rubuta masa a birni. Sunan yana nan, ana hango shi tun daga titi, a saman ƙofar aladu.