Wutsiyar Lambatun Malam Illa

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Malam Illa makwancinsa a nan Birnin Konni. Damuna bakwai ta sauka bai fito da gorarsa ya bi ruwa ba. Asabar mai zuwa ƙungiyar da ya kafa za ta yi taron tunawa da shi. An ɗinka riguna, an buga hotonsa a ƙyalle, ni kuma aka ce in rubuta wani abu mai daɗi a jarida, tunda ni ne abokinsa na ƙuruciya kuma tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Na ɗauki biro da niyyar yabo, amma abin da ke cikina ba mai daɗi ba ne, sai ku yi haƙuri da abin da ya fito.

Ga wanda bai san shi ba, Illa bai taɓa zama a bencin lakwal ba. Aikinsa rabon ruwa a gonakin rani na bayan gari, ya buɗe wa wannan fage ya toshe wa wancan, shekara da shekaru, har ya kai in ya dubi ƙasa kawai ya san inda ruwa zai nufa. Gajeren mutum ne, mai kaifin baki, ba ya iya ɓoye abin da ya gani. Ni na koya masa sa hannu a takarda, shi ya koya mini riƙon shebur, kuma har ya bar duniya yana faɗa wa mutane cewa ɗalibina ya fi nasa fahimta.

Unguwarmu tana da lambatu guda ɗaya, babbar magudanar da ke kwashe ruwan sama. Kansa yana bakin kwalta, kusa da inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Daga nan ya gangaro ta tsakiyar gidaje, ya karya kwana a bayan mahauta, ya je ya zuba a fadama. Wannan ƙarshen shi Illa yake kira wutsiya. Wuri ne mai kwari, gidajen ƙasa ne a jere, na masu ƙaramin ƙarfi, kuma gidansa na cikinsu.

Ƙungiyar ba ta da suna lokacin da aka fara. Mutane ne suka riƙa ce mana 'Yan Asabar, sunan ya bi mu. Kowace Alhamis bayan la'asar mu haɗu a ƙofar gidansa bisa tabarma, a ɗora shayi, a yi gardama kan aikin da ke gaba. Kowace Asabar bayan sallar asuba mu fito da kayan aiki. Wani mako mu share maƙabarta, wani mako mu gyara bakin rijiya, wani mako mu yi wa wata tsohuwa yaɓe. Akwai tela a cikinmu, akwai mahauci, akwai direban da ke lodin Dogarawa, akwai ni mai alli. Babu mai kujera, domin babu kujerar ma. Amma babban aikin shekara shi ne yasar lambatu. Da zarar bazara ta kankama, sai a ajiye komai, Asabar shida ko bakwai a jere ba mu da wani aiki sai shi.

A nan Illa yake da doka ɗaya wadda ba ya sassautawa ko ga liman: daga wutsiya ake farawa. Sai an buɗe mafitar ruwa a fadama, an kwashe yashi da leda da ƙazantar mahauta, sannan a riƙa haurowa sama taki-taki, bakin kwalta ya zama na ƙarshe. Wurin yana wari, sauro da ƙuda sun yi gida, kuma ba mai wucewa balle ya ce maka sannu da aiki. Na tuna wata shekara wani sabon shiga ya yi ƙorafi, ya ce me zai hana mu fara daga titi inda jama'a za su gani su yi sha'awar shigowa. Illa ya dogara da shebur ya dube shi ya ce, “In kunka buɗe kai kunka bar wutsiya a toshe, ina ruwan za shi? Ɗakina za shi kwana.” Muka yi dariya, muka ci gaba da haƙa.

In ruwan farko ya sauka, ya kan naɗe wando ya ɗauki wata doguwar gora, ya bi lambatun ba takalmi tun daga kai har fadama, yana tsoma gorar yana jin inda yashi ya taru. Duk inda ruwa ya yi jinkiri sai ya kafa tsinke, ranar Asabar mu tarar da aikinmu a jere yana jiranmu. Mu ne muke masa tsiya, muna cewa shamuwa ta fito kiwo.

Shekarar farko bayan rasuwarsa mun bi dokarsa, don har lokacin muryarsa na cikin kunnuwanmu. Daga baya Alhaji Mudi ya shigo, ɗan kasuwa mai motoci. Ina so a fahimce ni a nan, Alhaji Mudi ba mugu ba ne, hannunsa a buɗe yake. Ya sayo sababbin shebur da baro, ya yi wa ƙungiya takardu, ya kama mana buro, wato ofis, mai fanka, aka zaɓe shi shugaba ba wanda ya yi musu. Taron Alhamis ya tashi daga tabarma ya koma kan kujeru, aka sa tebur a gaba. Ni kuma aka naɗa ni uban ƙungiya, aka ba ni kujera mai hannu da riga mai ɗauke da sunana a ƙirji. Ban ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Wanda ya yi shekara talatin yana shan ƙurar alli ba a taɓa kiransa gaban taro ba, ƙaramin abu ke juya masa kai.

A wannan buro aka yanke shawarar a fara yasar daga bakin kwalta, wai saboda manyan gari za su zo buɗe aiki, da 'yan rediyo, ba a kai baƙi bayan mahauta. Aka ce Asabar ɗaya ce kawai, daga nan sai a gangara. Ina zaune a kujerata mai hannu, na san abin da Illa zai ce, kalma da kalma na sani, amma na yi shiru na gyara zaman hulata. Asabar ta farko ta tafi a jawabi da hoto. Ta biyu aka yi aiki na gaske, kai ya yi fes. Ta uku muka tafi Illela ziyarar wata ƙungiya irin tamu. Ta huɗu akwai ɗaurin aure a Malbaza, rabinmu suka tafi. Kafin mu kai tsakiyar unguwa hadari ya haɗo. A waccan shekarar Allah ya rufa asiri, ruwa ya zo da sauƙi, sai muka ɗauka dabararmu ce. Abin da aka ce na Asabar ɗaya ya zama al'ada.

Bara asirin ya tonu. Wata ranar Talata da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. A da, dattin da ke sama shi ke rage wa ruwa gudu, ya riƙa gangarowa a hankali. Mu kuwa mun share masa hanya tas, mun bar mafita a cushe da yashi da ledar shekara uku. Ya taho da ƙarfinsa, ya daki toshiyar bayan mahauta, ya rasa inda zai bi, ya juya cikin gidajen wutsiya. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma katangu sun zube, hatsin mutane ya jiƙe ya tsiro a buhu, kuma ɗakin Illa, wanda ya gina da hannunsa, ya zauna ƙasa. Matarsa Zali ta tsira da ɗaki guda, shi ma gindinsa ya ciwu.

Kun san abin da muka yi? Muka sa rigunanmu, muka ɗauki shinkafa da tabarmi, muka je jaje da ƙyalle mai hotonsa. Aka tsayar da Zali a gaban ɓaraguzan ɗakin mijinta, aka ɗora mata buhu a gaba, aka ce ta ɗan ɗago kai a ɗauki hoto. Ta ɗago, don mace ce mai kawaici. Da za mu tafi ta kira ni gefe, da sunan da ake kiran malamin lakwal a nan, ta ce, “Mushe Garba, su waɗanga ba su sani ba. Kai hwa?” Na yi wata guda ban bi ta ƙofar gidan ba, kunya ta hana ni.

Nakan tambayi kaina me Illa zai ce in ya leƙo yau. Ina jin fankar buro ba za ta dame shi ba, mutum ne mai son iska. Sababbin baro kuwa zai yi murna da su, mu da muka yi shekaru muna jan ɗaya mai karyayyar ƙafa. Ko hoton ma ba zai ƙi ba, ai ya kan gyara hula in ya ga mai kyamara. Abin da zai ƙona masa rai shi ne mun fi da yawa, mun fi da kayan aiki, mun fi da suna, amma mutanen wutsiya sun fi tsoron damuna yanzu fiye da lokacin da babu ƙungiyar sam. Kuma ba Alhaji Mudi zai fara nema ba. Ni zai tarar a kujerata, ya tsaya a kaina da gorarsa, ya tambaye ni tun yaushe bakina ya mutu.

Alhamis da ta wuce na yi ta maza na miƙe a taro. Na faɗi dokar wutsiya daga farko har ƙarshe, na ce ruwan bara mu muka kai shi ɗakin Zali. Aka tafa mini. Alhaji Mudi ya ce, “Baba ya yi gaskiya, wanga zance abin dubawa ne. Amma an riga an kai ma manya takardar gayyata, bakin kwalta anka rubuta. In an ƙare buki sai mu gangara.” Aka kafa kwamitin mutum biyar da zai duba maganar wutsiya, aka sa ni shugabansa, aka sake tafawa. Ban taɓa jin tafi ya yi mini zafi kamar na ranar ba.

Washegari bayan an sauko Juma'a na daure na nufi gidan Zali. Ɗanta da ke aiki a Malbaza ya yi ta fama ta koma wurinsa kafin ruwa ya sauka, ta ƙi, ta ce ba ta barin gidan da aka kawo ta tana amarya. Ban same ta a ciki ba. Maƙwabta suka nuna mini bayan mahauta. Can na hango ta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ɗaure zane ta shiga cikin lambatu da fartanya, tana jan leda tana tarawa a gefe. Gorar Illa na kafe a bakin fadama, daidai inda ya kan ce a sa shebur na farko. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce, “Gaisuwa ka zo, Mushe, ko aiki? In gaisuwa ce mun gode, lahiya lau muke.”

Na tuɓe rigar mai sunana na rataye a kan gorar, na karɓi fartanyar. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da muka buɗe ni da ita har la'asar bai fi taki goma ba, kuma yau kwana uku ba na iya sunkuyawa in ɗaura takalmi. Toshiyar ta fi ƙarfin tsofaffi biyu. Gabas kuwa ta fara yin duhu da yamma, kowa ya gani.

To me ya rage na Malam Illa bayan shekara bakwai? Sunansa yana nan, ya ma fi da girma, an rubuta shi da manyan baƙaƙe. Ƙungiyarsa tana nan, tana taro duk Alhamis ba fashi. Abin da ya sani game da ruwa kuwa, wanda shi ne dukan dukiyarsa, ya rage a kan mutum biyu, matarsa da ba a gayyata taro, da abokinsa da ya sayar da bakinsa a kan kujera mai hannu. Allah ya jiƙan Illa, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na yi wa gidansa.

Ga roƙona ga 'Yan Asabar, tunda a jarida kuka ce in yi magana. Ranar Asabar bayan asuba ina bayan mahauta, kusa da gorar. Wanda ya zo da shebur, akwai wurinsa, kuma ba za a ɗauke shi hoto ba. In kuwa ba za ku iya warin ba, na fahimta, ni ma na yi shekaru ina gudunsa. Ku yi jawabinku, ku ɗaga ƙyallenku, ku ci shinkafarku. Abu ɗaya kawai nake roƙo don darajar wanda kuke tunawa: kada ku taɓa lambatun. Ku bar dattin bakin kwalta yadda yake, ko ya riƙe ruwan ya zo a hankali. Ɗaki ɗaya ya rage wa Zali.