Takalmin Inna a Lyon

Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce Uwata. A Stains, gefen Paris, aka haife ta, a nan ta yi wayo, ni kuwa kullum ina Aubervilliers, kusa da nan, ina sauke kwalayen tufafi a shagunan sari. Da ta wuce Lyon karatun digiri na biyu, na tambaye ta a kan me za ta yi bincike. Ta ce a kan wani ƙaramin gari mai kasuwa a ƙasar Wales, da abin da matafiyan Ingila na dā suka rubuta game da shi. Na ce to, garuruwan duniya sun ƙare ke nan, sai wanda ko a taswira sai an sa tabarau.

Wani hutu ta zo gida, ta zauna tana fassara mini. Akwai littattafan da ke jera garuruwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ranar kasuwarsa da cocinsa da gadarsa. Waɗannan ba su dame ni ba. Na matafiyan ne suka sa na ajiye kofin shayi. Wani ya ce lungunan garin duk ƙazanta, aladu na yawo. Wani ya ce yaren mutanen ba ya shiga kunnen mai hankali. Wani kuma matan ƙauye ya tasa gaba da dariya, wai ranar kasuwa sukan taho ba takalmi a ƙafa, suna riƙe da shi a hannu, sai sun iso bakin gari su wanke ƙafa a rafi su saka.

Na riƙe baki. Ashe Bature ma yana yi wa Bature haka? Ni duk zatona mu kaɗai aka feƙe wa wannan alƙalamin. Kuma matan nan ai na san su. Haka Inna, mahaifiyata, take yi in za mu cin kasuwar Damagaram daga ƙauyenmu, takalmi bisa faifan ƙwarya, sai an hango gari a saka. Na gaya wa Uwata haka, ta ce, "Papa, ba iri ɗaya ba ne," ta juya shafi. Alhali aikinta kakaf kare matan nan ne. Ta ce abin da suke yi tattali ne da tsabta, matafiyin ne ba shi da ido. Har jijiyar wuya take tayarwa saboda matan da suka mutu tun ba a haifi kakan kakana ba.

Shekarar da za ta kare aikin a gaban malamanta, Inna tana wurinmu, mun kawo ta Paris a duba mata gwiwa. Da ta ji takwararta za ta tsaya gaban malamai, ta ce ko da rarrafe sai ta je. Uwata ta kira ni a waya.

"Papa, soutenance ce fa, ba buki ba ne. Ka bar ta gida, s'il te plaît, don Allah."

Raina ya ɓaci. Na ce matar da ba ta taɓa tashi daga sallaya ba ta ambace ki ba, ita zan kulle a ɗaki? Na kashe wayar. Na kai Inna shagunan unguwar Goutte d'Or ta zaɓi sabon takalmi mai ruwan zinariya, matata ta sa mata lalle.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Matakalan jami'ar suka ci mana lokaci, don Inna sai ta taka ɗaya ta huta. Ko da muka isa an riga an fara. Ta bayan ƙofa ina jin muryar Uwata tana Faransanci kamar ruwa, kuma daidai kan matan nan na Wales take. Na tura ƙofa a hankali, na juyo in kama hannun Inna, sai na ga hannun ba a sake yake ba. Ta riga ta tuɓe takalmin ta riƙe. A wurinmu ba a shiga gaban malamai da takalmi, ko waɗanne irin malamai ne.

Ta shiga da ƙafafunta jajaye da lalle, ta yi sallama da ƙarfi, ta rusuna iya abin da gwiwa ta yarje mata. Shugabar malaman, wata mai furfura, ta yi murmushi, ta tambayi Uwata ko ta san wannan baiwar Allah. Ba da raini ta tambaya ba, na rantse.

Uwata ta dubi takalmin, ba ta dubi fuskar ba. Ta ce, "C'est une voisine de mes parents." Wato maƙwabciyar iyayenta ce.

Na sha jin baƙar magana a ƙasar nan, a bakin ɗan sanda, a bakin mai gida, ba wadda ta taɓa shiga ta tsaya mini a ƙirji irin wannan. Takardar da ke hannunta cike take da tausayin matan wata ƙasa masu takalmi a hannu, ga tata a tsaye a gabanta.

Inna ta taɓo ni. Kunnenta ya yi nauyi, ba ta iya raɗa ba. Ta ce, "Mi ta ce musu?"

Na ɗaga murya yadda za ta ji. "Ta ce ke ce kakarta, sunanki ta ci."

Uwata tana jin Hausa sarai. Ta mayar da idonta kan takardar. Inna kuwa ta washe baki, ta ɗaga takalmin sama ta ce, "Allah shi yi miki albarka, takwara!"

Uwata ta ci jarrabawar, har da yabo. Ni da ita ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko a jirgi, ko bayan nan. Inna ta koma gida da gwiwarta da sabon takalminta, kuma ba gidan da ba ta shiga da labarin ba. Har yau duk Juma'a in muka kira ta, sai ta tara matan unguwa kusa da wayar, ta ce a ba ta takwararta.

"Faɗa musu da bakinki, ɗiyata. Faɗa musu abin da kika ce da ni gaban Nasara."