Kiran da Baffa Yake Ji a Cikin Randa

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a, aka shiga wani dogon yajin aiki, sai na tattara na koma ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta na ci damina a can. Ba ni da aikin yi sai karatun littattafai da kallon hadari, don haka mahaifiyata ta ɗora mini kai wa Baffa abincin rana. Baffa yayan mahaifina ne, tsohon malamin firamare, kuma shi ne ɗan farin kakata. Ban san kakar tawa ba, ta rasu kafin a haife ni, amma sunanta na ci, shi ya sa Baffa ba ya kirana da komai sai "Uwata".

A ɗakinsa na zaure Baffa yake da garmaho, na'urar sa faifan waƙa irin ta da, wanda yake kunnawa da batirin sola. Lasifikarsa kuwa shi ya haɗa abarsa. Ya sayo randa a Dawakin Tofa, ya kifa bakin lasifika a bakinta, ya liƙe gefen da yumɓu. In ya ɗora allura a kan faifai, sautin sai ya riƙa fitowa da zurfi kamar daga rijiya, har ka ji shi a ƙirjinka.

Yana da aboki, wani Alhaji mai sayar da kayan lantarki a kasuwa, wanda yakan zo da 'yar lasifikarsa ta zamani a aljihun babur. Shekara da shekaru suna musu ɗaya, ba wanda ya taɓa kayar da wani.

"Malam, wannan fa ba kiɗa ba ne, suyar gyaɗa ce," in ji Alhaji. "Tas-tas-tas, sai ka ce an bar kasko a wuta."

"Naka fa? Abincin asibiti. Ga tsabta, ba gishiri."

"Waƙa dubu nake da ita a abin da bai kai farcena ba."

"Shi ya sa ba ka san ko ɗaya ba. Mai mata dubu ai gwauro ne."

Sai su juyo kaina. "'Yar boko, raba mu." Ni kuma in ce duka biyun da daɗi, su haɗu su ce munafuncin jami'a ne.

Akwai faifai guda da Baffa ba ya sawa a cikin musu. A naɗe yake cikin farin ƙyalle a ƙasan akwati. Wata rana na kawo abinci na tarar ya fito da shi, sai ya ce in zauna. Ya ce tun yana rarrafe wasu mutanen gidan rediyo suka zo garin suna ɗaukar waƙoƙin mata, suka ɗauki matan gidanmu suna daka suna lugude, kakata ce mai ba da waƙa. Sai bayan ya yi furfura wani tsohon ma'aikacin wurin ya tsinto masa faifan cikin kayan da za a zubar.

"Ba waƙar nake so ki ji ba," ya ce. "Akwai inda taɓare za su tsaya. Ki kasa kunne a nan."

Kun san alkunyar iyayenmu na da. Kakata ba ta taɓa kama sunan Baffa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ko ranar da za ta cika, ƙaninsa ta aika ta ce, "Kira mini yayanka." Amma gwaggonsa ta gaya masa cewa ranar da aka yi wannan ɗauka, ana cikin daka ya rarrafa ya nufi murhu, uwar ta hango shi, ta manta da kunya ta ƙwala masa kira da sunansa na yanka. Sau ɗaya ke nan a duniya.

Rana ta take, kowa yana gona, gero ya yi tsawo ya rufe gari, ko kaza ba ta motsi. Allura ta sauka. Na ji tas-tas ɗin nan, na ji taɓare suna amsa wa juna, na ji wata siririyar murya tana jan waƙa. Can sai dakan ya yanke. Cikin wannan shirun, daga ƙasan randa, wata mace ta kira sunan Baffa. Ba da ƙarfi ba. Kamar daga nesa, amma kuma kamar a bayan wuyana. Na waiga ƙofa ban san na waiga ba.

"Kin ji?"

Na gyaɗa kai.

"Alhaji cewa yake ƙarce ne a jikin faifan." Ya shiga naɗe faifan a ƙyallen. "Uwata, allura tana cin faifai. Bara daga bakin ƙofa take kirana. Bana daga bayan danga. Ina tsoron baɗi." Sai ya sunkuyar da kai kamar mai roƙon abin kunya. "Wayar nan taki, za ta iya riƙe mini shi?"

Ni da na kalli bidiyo biyu a kan ɗaukar sauti, nan take na zama injiniya. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Washegari da tsakar rana muka zauna. Alhaji ya samu labari, ya zo yana dariya tun daga waje. "Yau faifai ya zo neman mafaka gidan memori! Malam, a rubuta a ajiye." Baffa ya warware ƙyallen. Na ajiye waya a gefen randa, na ce kowa ya yi tsit, ko tari ban yarda ba. Aka sa faifai. Dakan ya yanke, kiran ya zo, ni da Baffa muka ji.

Na sa abin da na ɗauka a manhajar tace sauti, ta share tas-tas ɗin tas, muka kunna a lasifikar Alhaji. Waƙar ta fito fes, har Alhaji yana cewa, "To ka ji kiɗa." Da aka zo wurin, sai shiru. Shiru mai santsi, kamar an share tsakar gida.

Na ce tacewar ce ta cinye shi, mu ji wanda ba a tace ba. Muka ji. Ga suyar gyaɗa, ga taɓare, babu kira. Na jona wayar da randar kanta, ko ita za ta fito da shi. Babu.

A nan ya kamata in tsaya. Amma girman kai na 'yar makaranta ya hana ni. Na ce wayar ta yi nisa, a sake. Na ce iska ce ta shigo, a rufe taga, a sake. Na tura wayar har tana taɓa yumɓun, na ce a sake. Kowane sawu Baffa sai ya dube ni, ya dubi faifan, ya ɗora allura. Kowane sawu kuma ina jin kiran yana ja da baya, daga bayan danga zuwa bakin gona, amma ina gaya wa kaina na gaba zai kama.

A na biyar, taɓare suka tsaya, muka jira. Tas. Tas. Tas. Dakan ya ci gaba.

Baffa ya mayar da allurar baya kaɗan, ya sake saurara, sannan ya ɗage ta. Na fara ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina.

"Haba Uwata, share hawayenki," ya ce. "Ai ta yi ƙoƙari. Ita sau ɗaya ta kira. Ni ne na yi ta sa ta maimaitawa."

Alhaji ya ɗauki lasifikarsa ya cusa a aljihu. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Malam, randar nan taka fa ta fi tawa." Baffa ya ce, "Tafi can, yau ka sani?" Daga ranar ban sake jin sun yi musun ba, ko da yake Alhaji bai fasa zuwa ba.

Bayan shekara biyu Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Da aka zo raba kayansa ba wanda ya nemi faifan, sai aka ba ni.

Ina Kano na fara aiki, wata rana zan sauya waya, ina kwashe abubuwan ciki sai na ci karo da waɗannan ɗauka guda biyar. Da rana ne, abokan aikina sun fita sallar azahar, ni ina fashin salla, ofis ba kowa. Na sa abin ji a kunne na kunna na farko, don dai in ji muryar kakata. Dakan ya yanke. Babu kira, kamar dai yadda na sani. Amma bayan ɗan shirun, kusa da kunnena sosai, wata murya ta ce, "Na'am."

Muryar Baffa ce. Ƙasa-ƙasa, da ladabi, irin amsar yaron da aka kama yana ɓarna.

Na kunna na biyu, tana nan. Na uku, na huɗu, tana nan, sai dai kowace ta fi ta baya ɗaga murya, kamar mai amsa wa wanda yake yin nisa. A na biyar babu komai.

Ni ce na hana kowa magana ranar, kuma fuskar Baffa nake kallo duk sawun biyar. Hannunsa yana kan gemunsa, bakinsa a rufe. Mu uku muka saurari ɗaukar nan a lasifika biyu, ba wanda ya ji wannan amsa. Na kai wa Alhaji har shago, ban gaya masa komai ba, na sa masa a kunne. Da aka zo wurin sai ya fizge abin ya ajiye a kan teburi, ya daɗe yana salati. Mahaifiyata kuwa ƙin ji ta yi. Ta ce, "Ki yi musu addu'a su biyun, ki bar tone-tone."

Na san masu ilimin sauti za su ba ni bayani, wataƙila ma mai gamsarwa. Ina ganin yadda ake ta kai ruwa rana a shafukan sada zumunta, wasu su ce faifai ya fi ɗumi, wasu su ce na zamani ya fi gaskiya, kuma ba na sa baki. Ni dai abin da na gani, kowane akwai abin da yake riƙewa, akwai wanda yake saki, kuma ba mu muke zaɓa masa ba. Na kuma koyi cewa in tsoho ya miƙo maka abin da yake lallaɓawa, ka tambayi sau nawa ya rage masa kafin ka ce a sake.

Faifan yana ƙasan akwatina. Na sha samun masu garmaho da suka ce in kawo su sa mini, ina cewa sai wani lokaci. Ba shirun nake tsoro ba, wannan na riga na ji shi. Tsorona shi ne taɓare su tsaya, in ji an yi kira, alhali mai amsawa ya riga ya tafi wurinta, kuma ba kowa a ɗakin sai ni.