Jinin Kuluwa da Sunan Atine

Shekara ashirin ke nan da aka kai ƙanwata Kuluwa makwancinta. Ni ban san ƙirgan takarda ba, amma na san damina uku ce tsakanin rasuwarta da lokacin da muka kwashi yara muka haye gada zuwa garin Kusiri, ƙetaren iyaka, saboda harbe-harbe. Ciwon kuwa ya soma leƙowa tun bayan faɗuwar darajar kuɗinmu na sefa, sa'ad da atamfar da take sayarwa a unguwar Bololo ta gagari masu saye. Faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini magana.

Da goro ya fara. In ta gutsira, sai dasashinta ya yi jini. Daga baya tabo baƙi-baƙi suka riƙa fito mata a hannu da cinya, ba ta bugu da komai ba. Matan unguwa suka duba, suka ce tsunkulin maye ne. Ba su yi nisa wajen nema ba. Akwai Atine, baƙuwa daga Damagaram, mai haya a jikin gidan Kuluwa, ba dangi ba miji, wadda ke miƙo wa Kuluwa dambu ta kan katanga. Aka daina amsa gaisuwarta. Uwaye suka riƙa janye 'ya'yansu in ta gifta.

Tabon kuma aka ce mataccen jini ne, a kira Baba Audu ya yi ƙaho. Gidansu ne wanzamanmu tun kakanni, tun ayarin da ya yada zango a nan kan hanyar Makka bai ƙara gaba ba. Kuluwa ta saba da ƙahonsa tun tana amarya, duk bazara. Wannan karon jinin tsagar ya ƙi tsayawa, har aka jiƙe zane biyu. Ina zaune ina kallonsa. Aska ɗaya ce, ya goge ta a tsumma, ya juya kan bayan mai bi mata.

Na gaya wa mijin Kuluwa, Alhaji Barma, cewa hankalina bai kwanta da askar nan ba.

Ya ce, "Yaya, mutumin da ya yi wa kowa a zuriyar nan askin suna? Ki iya bakinki, don Allah."

Na ce, "Bakin da kuka saki a kan Atine fa, wa ya iya shi?"

Ni na kai ta asibiti da ƙafata, kuma can ma ban yarda da kowa ba. Likitan kuwa yaro ne da shi. Na ce, "Ɗana, mai ƙarancin jini kake ɗibar wa jini? Ina kuke kai shi?" Ya yi dariya, ya ce ƙirga shi za su yi. Da sakamako ya fito ya zaunar da ni, ya yi mini bayani da Larabci. Ciwon hanta ne, irin wanda suke kira C, yana shiga ta jini, ya yi shekaru bai motsa ba. Hantarta ta taurare, jini ya rasa hanya ya taru a saifa, saifar ta kumbura tana riƙe ƙwayoyin jini. Masu tsayar da zubar jini su suka fi raguwa, shi ne tabon da dasashin. Farare masu yaƙi da cuta sun yi ƙasa, jajaye ma haka, shi ya sa take haki daga ɗaki zuwa rijiya. Allurar da ake yi wa ciwon a zamanin, ya ce, ita ma rage ƙwayoyin take, kuma na Kuluwa sun yi ƙasan da ba za a iya yi mata ita ba.

Na tambaye shi ko askar ce. Ya ce tana iya zama, allurar masu bin gida-gida suna yi wa mutane ma tana iya zama, ba zai rantse ba. Na ce maita fa? Ya ce bai gan ta a cikin jinin ba.

Na kawo maganar gida, aka ce likita aikinsa yake, amma wa ya turo ciwon? Kuluwa kaɗai ta ci gaba da karɓar dambun, har a makonta na ƙarshe, ko da ba ta iya haɗiya. Ranar zaman makoki Atine ta zo bakin ƙofa, ba wadda ta matsa mata a tabarma sai ni. Kafin arba'in ta tattara ta koma unguwar Chagoua.

Yau an ce akwai ƙwayar da ke kashe ciwon cikin 'yan watanni. Da Kuluwa na nan, na san abin da za ta fara tambaya: wa da wa aka gwada cikin waɗanda suka bi layin ƙaho tare da ita? Ni na je, jinina lafiya lau. Sauran sun ce ba sa neman abin da bai neme su ba. Uku daga cikinsu na ga sun tafi da kumburarren ciki, ba a sake kiran sunan maye ba, ba a kuma kira sunan aska ba.

Baba Audu ya rasu, ɗansa na nan, yanzu reza sabuwa yake ɓarewa a gabanka, bai taɓa faɗin dalili ba. Alhaji Barma na nan unguwar Klémat, kunne ya yi nauyi. Ni ina nan. Atine ma na nan, ido ya tafi, amma tana gane muryar kowa. Duk sallah ina zuwa, takan ce, "Yaya, ke kaɗai ce?" Alhaji Barma, in an karanta maka wannan, hanyar Chagoua dai ba ta ɓace ba.