Suna Biyu a Takarda

A tsakiyar sanyin wata shekara hitar da ke ɗumama benenmu na Morris Heights a Amurka ta mutu, kuma mai gidan, wanda ba mu taɓa ganin ƙeyarsa ba, ya yi kunnen uwar shegu da mu. Mu manya muka jibga riguna. Amma maƙwabciyata, wata 'yar Nijar mai kitso, tana da jaririya 'yar wata biyar. Ta bango nake jin tarin yarinyar, ƙirjinta na ƙugi.

A wurin aikina na kula da tsofaffi aka ce mini idan masu haya suka sa hannu a takardar ƙorafi, dole hukuma ta matsa masa. Na ɗauki takarda da biro na bi ƙofa-ƙofa. Kusan duk benen namu ne, 'yan Gana da 'yan Nijar da Kanawa, na ɗauka kafin la'asar ta cika.

Ina! Wani Alhaji a hawa na uku, mai fasfo ɗin Amurka a aljihu, ya ce, "Hajiya, wannan zalunci ne, Allah ya isa. Ga bargo ki kai mata." Na ce, "Alhaji, ba bargo na zo nema ba, sunanka nake so." Sai ya hau gyaran hula. Haka kowace ƙofa. Wannan ya ba da zuma, waccan ta ba da man zafi, kowa ya la'anci mai gida, amma biro ya zama maciji. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na koma da barguna huɗu da sunana shi kaɗai. Maƙwabciyata ta ce, "Yaya, miƙo." Na ce, "Ke da ba ki da takardun zama? Rufa wa kanki asiri." Ta fizge biron. Ba ta yi boko ba, sai ta rubuta sunanta da ajami, a hankali, daga dama zuwa hagu.

A ofishin mai gida na fara ajiye kwafi. Ma'aikaciyar ta ɗora yatsa a kan rubutun ta ce wannan zanen mene ne? Na ce sunan namiji ɗaya tak da ke benenmu ne.

Sai da yarinyar ta kwana uku a asibiti kafin aka gyara hitar. Maƙwabta suka ce addu'arsu ce ta karɓu. Da sanyi ya wuce, mai gida ya gano cewa ɗakin maƙwabciyata ba da sunanta aka kama ba, ya ba ta takardar tashi. Ita kaɗai.

Ranar da za ta tashi, kowa ya fito taya ta sauke kaya, mutanen kirki. Alhaji ne ya ɗauko gadon jaririyar, yana saukowa yana haki yana cewa Allah ya isa. Na tare shi a matakala na karɓe gadon daga hannunsa.