Kurfin da Baba Ya Tsoma a Ruwa

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana son in miƙo masa awartaki, bango zai kalla ya ce, "A ce wa wancan ya miƙo." Ko mu biyu ne kaɗai a maƙera, haka yake yi. Ni ma ban iya haɗa ido da shi ba, balle in gyara masa magana. Kunya ce, kowa ya santa, ba wanda ya ɗauke ta laifi.

Maƙeri ne da ake ji da shi a ƙasar Kiru. Daga Ba'awa har Bebeji ana kawo masa garma da lauje. Idonsa na hagu ya daɗe da yin yana, da na dama yake duba launin ƙarfe a wuta, kuma bai taɓa kuskure ba.

Ina da mata da 'ya ɗaya lokacin da na tafi aikin kuza can bayan Doguwa. Da masu wurin suka ji ni ɗan maƙera ne, sai suka sa ni a ɗakin gyaran injuna. A nan na fara ganin zarto mai cin ƙarfe, da injin da ke fere ƙarfe kamar ana fere rake. A nan kuma wani tsohon ma'aikaci ya koya mini cewa ƙarfen Turawa mai tauri ba a kashe zafinsa da ruwa. A mai ake tsoma shi, a sake ɗumama shi kaɗan. In aka ba shi ruwa, taurinsa ya wuce kima, ya tashi kamar kwalba.

Shekara uku na yi, na dawo gab da damina, da guntun sifirin, ƙarfen nan mai tauri na ƙarƙashin mota, a matsayin tsaraba. Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙararsa. Ya ce wa bango, "Wancan ya iya zaɓe." Wannan ne yabo mafi girma da na taɓa samu daga gare shi, har yau ina jin daɗinsa, kuma ina jin haushin kaina da na ji daɗin.

Ya ce kurfi zai yi da shi, abin da muke datsa ƙarfe. Ranar maƙera cike take da manoma masu jiran gyara. Ya ƙera shi tsaf, ya ɗaga shi jajur, ya nufi kaskon ruwa kamar yadda ya saba yi da ƙarfenmu na tama. Ina tsaye, taku biyu tsakaninmu. Maganar ta zo har bakina. Sai na dubi dattawan da ke zaune, na ce a raina, yau ɗan fari zai koya wa ubansa ƙira a gaban mutane? Na haɗiye ta.

Washegari ya ɗora kurfin a kan bakin garma ya sauke masaba. Bugu na uku bakin kurfin ya tashi. Ɓarɓashin bai zaɓi ido mai yana ba, na dama ya shiga.

Mun kai shi asibiti a birni, aka cire ɓarɓashin, amma gani bai dawo ba. Mutane suka ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san ta inda ta bi.

Na karɓi maƙera. Kullum sai a jawo shi ya zauna gefe yana sauraro. Wata rana na ƙera wuƙa da ragowar sifirin ɗin, na tsoma ta a man gyaɗa. Ya ɗaga kai.

"Wannan ba kukan ruwa ba ne."

"Mai ne, Baba. Irin wannan ƙarfen ba ya son ruwa."

"A can aka koyo?"

"A can."

Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da abin da hannunsa ya kai. Sai ya juya fuskarsa wajen bango, kamar yadda ya saba, ya ce, "A ce wa wancan, in Allah ya ba shi ɗa namiji, ya bar shi ya yi magana."